Sun Yi Mani Obaluk

Wasila: Salamu alaikum. Halo?

Muzammil: Wa alaikumus salam. Wasila, kina ji na?

Wasila: Muzammil ɗan Kawu? Yau kai da kanka ka kira, ba filashin ba? Lahiya dai?

Muzammil: Lahiya lau. Ina kwana, ɗiyar Gwaggo?

Wasila: Lahiya ƙalau. An tashi lahiya?

Muzammil: Alhamdu lillahi. Ƙaƙa Jega?

Wasila: Jega sai godiya. Ƙaƙa mutanen Mungadi? Ƙaƙa ƙahwar Kawu?

Muzammil: Da sauƙi, shina takawa har masallaci yanzu. Ƙaƙa Gwaggo Rakiya? Ƙaƙa yara? Ƙaƙa makaranta?

Wasila: Duk lahiya. Ƙaƙa albasa, an gama kwashewa?

Muzammil: An gama, an aje ta cikin rudu, rumbun albasa. Ƙaƙa maigida?

Wasila: Lahiya lau shike. Kai, tsaya. Mi ya sa kaka magana ƙasa-ƙasa awa ɓarawon kaji?

Muzammil: Ina gona, bayan rudun albasa nika laɓe. Wa ke kusa da ke?

Wasila: Ba kowa. Ina ɗakin malamai, yara sun hita hutun kalaci.

Muzammil: Maigidan hwa?

Wasila: Shina kasuwa. Wai mi na na?

Muzammil: Gambo bai zo nan ba?

Wasila: Gambo ƙanen maigidana? Abokinka na, ni za ka tambaya? Yau dai ban gan shi ba.

Muzammil: Yau. Tau. Na ji kin ce yau.

Wasila: Muzammil, in magana gare ka, hwaɗi. Minti goma gare ni, kuma na san katinka bai kai haka ba.

Muzammil: Kin tuna aikin ga da munka cika ma fom ni da Gambo? Na masu gina sabon siton albasa, waɗanda ofishinsu ke Aliero?

Wasila: Na tuna. Sunan Gambo ya hito, naka bai hito ba.

Muzammil: Yawwa. Sunka turo mani saƙo wancan sati sunka ce ban samu ba. Na haƙura. Tau shekaranjiya sai ga wani saƙon. Wasila, an kai ƙarata.

Wasila: An kai mi? Layin na yankewa.

Muzammil: Ƙarata. An kai ƙa-ra-ta. Sun sa mani ido.

Wasila: Wa ya kai? Karanta mani saƙon in ji.

Muzammil: Ba sai na buɗe ba, na hardace shi awa karatun allo. Saurara. Dear Muzammil Audu, we overlooked your name on the list.

Wasila: Alhamdu lillahi.

Muzammil: Kin gani ko? Mi na na abin hamdala nan? Ashe kin sani.

Wasila: Ci gaba dai.

Muzammil: A'a, tsaya mu gama da wanga tukuna. Obaluk. Ke malamar Turanci ta, amma ni ma ba baƙauye ba na ga Turanci, ga waya na koya da kaina. Na yi kabu-kabu shekara huɗu tsakanin Maiyama da Jega. Obalodi, lodi ya wuce ƙa'ida. Obasifid, gudu ya wuce ƙa'ida. Obataim, aiki ya wuce lokaci. Duk abin da anka manna ma oba, ya yi yawa ke nan. Luk kuwa kallo na. Tau obaluk mi na na in ba sun ƙura ma sunana ido hiye da na kowa ba? Mutum ɗari sunka cika fom, sunana ɗai anka zauna ana kallo. Dariya kika yi?

Wasila: Tari na.

Muzammil: Ba tari ba na, na san dariyarki tun muna yara.

Wasila: Tau dariya ta. Ɗan Kawu, lissahinka ya yi kyau, amsar ta ba ta yi ba. Overlook ba kallo da yawa ba na. Kallon na ya haye bisa abin, ya wuce bai gan shi ba. Ka san in kana tsince ruɓaɓɓar albasa cikin rudu, guda ta shige ƙarƙashin 'yan uwanta, idonka ya tsallake ta? Ba da gangan ba, ba ka dai gan ta ba. Shi na overlook.

Muzammil: Wato ni na ruɓaɓɓar albasar.

Wasila: Misali na ba ka.

Muzammil: Cikin duk misalan duniya.

Wasila: Cewa sunka yi sunanka na cikin waɗanda anka ɗauka, wurin rubutawa anka tsallake shi. Kuskurensu na, sun amsa.

Muzammil: In kuskure na, ina sori? Ban ga sori ko guda ba cikin saƙon.

Wasila: Mutanen ofis ba su cika son hurta ta ba. Overlooked ɗin ita ta sorinsu.

Muzammil: Hmm. Ke kika hwaɗi. Ni kuwa na diba ƙamus na waya. Ma'ana uku ya ba ni, ta ukun ta ce a hango abu daga bisa. Daga bisa, Wasila. Ke ba ki san suna da ɗan jirgin ga maras direba da sunka ɗauki hoton gonaki da shi ba? Tun shekaranjiya ko shaho ya gilma sai na duƙa.

Wasila: Inna lillahi. Wannan ma'anar ta gini ta, ba ta mutum ba. A ce bene shina kallon gulbi, ko tudu shina kallon gari. Sunanka gulbi na da za a hau bene a hango shi? Kuma mi ya sa ka tsallake ta hwarko da ta biyu ka ɗauki ta uku?

Muzammil: Ita ta hi kama da halin da nika ciki.

Wasila: Ka ga abin da ka yi ma ta hwarkon? In ba ka lura da ita ba, overlook ka yi. In ka gan ta sarai ka kau da kai don ba ta yi maka daɗi ba, ignore ke nan. Wanne ka yi?

Muzammil: Ba jarrabawa na kira ki yi mani ba. Ji sauran. Please disregard our first message. Wannan na gane shi, gaisuwa ta. Dis, wanga ke nan. Rigad, gaisuwa, awa yadda aka sa best regards ƙarshen takarda. Su gaishe ka, ka saki jiki, su kama ka.

Wasila: Wa za su kama? Ba dis na wanga ba na. Disregard, kalma guda ta. Kada ka yi aiki da saƙon hwarko, ka ɗauka ba a turo shi ba. Ƙanwar ignore ta, sai dai ita ta sa riga da hula, ofis taka zama.

Muzammil: Saƙon da ya ce ban samu ba?

Wasila: Shi. An soke shi.

Muzammil: Haka kawai? Don Allah? Mutanen da ko ruwa ba su ba mu ba ranar intabiyu?

Wasila: Ci gaba.

Muzammil: Ga inda hankalina ya tashi. You will oversee the new onion store at Mungadi. Obasi. Ƙasar waje. Ni da ko Birnin Kabi sai da dalili nika zuwa, za a kwashe ni obasi. Kin san yadda aka yaudarar samari a bi da su ta hamada.

Wasila: Mungadi ƙasar waje ta?

Muzammil: Mi kinka ce? Halo?

Wasila: Na ce saƙon ya ce at Mungadi. Garinku. Inda kaka laɓe yanzu. Overseas daban, da s ga ƙarshe. Wagga oversee ta, kai za ka kula da siton. Kai na mai dibawa, makulli hannunka.

Muzammil: Tsaya, tsaya. Luk kallo, si gani. Obaluk, ba a gani ba. Obasi, a kula da kyau. Ƙaƙa kallo da gani za su zama gaba da baya?

Wasila: Haka Turawa sunka aje abinsu, ba ni na yi ba. Akwai ma look over, in ka juya ta, ita ta a diba abu a bincika. Da bincikenka sunka yi, ita za su sa.

Muzammil: Harshen da kalma ka juya baya ta zama wani abu, ƙaƙa mutum za shi yarda da masu shi? Ke ma ban gama yarda da ke ba. Gambo ƙanen mijinki na. Dangin miji za ki kare.

Wasila: Mi Gambo ya yi maka?

Muzammil: Ƙarshen saƙon ya ce, report to our Aliero office on Wednesday by twelve noon. Rifot. Wa za shi yi rifot ɗina ga ofis in ba wanda ya san sirrina ba?

Wasila: Report to, ka kai kanka ke nan, ka bayyana. Wane sirri?

Muzammil: Bar shi.

Wasila: Wane sirri, Muzammil?

Muzammil: Ki rantse ba ki hwaɗa ma Gwaggo.

Wasila: Ba ni rantsuwa bisa abin da ban ji ba.

Muzammil: Cikin fom ɗin akwai wurin da anka ce Turancinka ƙaƙa shike. Akwai fair, akwai good, akwai excellent.

Wasila: Kada ka ce mani.

Muzammil: Gambo na zaune kusa gare ni. Shi da ya gama sakandare ya zaɓi fair. Ni kuwa biro ya tahi da kanshi.

Wasila: Excellent.

Muzammil: Ya leƙo ya gani, ya yi dariya har mai gadi ya waiwayo. Shi ɗai ya sani duk duniya. Sai ga shi an ɗauke shi, ni an bar ni, sannan ga obaluk, ga rifot. Ke ki haɗa mana. Kuma yau da sassahe ya zo gida nemana, ya ce ma Baba wai ya je ofishin kan maganata, wai ana jirana Aliero. Da bakinshi ya hwaɗi. Ni kuwa na bi ta bayan gida na taho gona.

Wasila: Ya kira ka?

Muzammil: Sau goma sha ɗaya tun jiya. Ban ɗauka ba.

Wasila: Tau wannan shi na ignore, tsantsarshi. Ka ga kira, ka san mai kira, ka ƙi ɗauka. In kuma cikin mutane ya miƙo maka hannu ka wuce, ya zama snub, wanda ya hi ciwo.

Muzammil: Na yi mai wannan ma, jiya bakin masallaci.

Wasila: Allah shi shirye ka. Saurara da kyau, tunda abin ya kai haka. Gambo ya ce kada in hwaɗa maka, don kada ka sa rai abin shi ƙi. Ranar da suna ya hito ya zo gidanmu ranshi ɓace. Ya ce cikin duk waɗanda anka tambaya yadda aka gane albasar da za ta ruɓe tun ba ta nuna ba, kai ɗai ka amsa daidai, har mai intabiyun ya rubuta. Ya ce ba yadda za a yi a ɗauke shi a bar ka. Ya ce in rubuta mai takarda da Turanci shi kai.

Muzammil: Ke kinka rubuta?

Wasila: Ni na rubuta. Shi so ya yi a sa, you ignored his name. Na ce a'a. In ka ce ma mutanen ofis ignored, ka ce da gangan sunka yi ke nan, ka zarge su da son kai, sai su murtuke su kare kansu. In ka ce, I think you overlooked his name, ka ba su ƙohwar hita, kuskure na, kowa na yi. Kalmar ga da ta hana ka barci, tawa ta. Maido muna ita sunka yi.

Muzammil: Ashe da ke anka haɗa baki.

Wasila: An haɗa baki an samo maka aiki, i.

Muzammil: Ɗazu kin ce ba ki gan shi ba.

Wasila: Na ce yau.

Muzammil: Na lura da yau ɗin ga tun ɗazu. Tau in haka na, mi Gambo za shi samu? Mutum ba shi hawa mashin har Aliero da man shi haka kawai.

Wasila: Abokinka na tun kuna kiwon awaki. Sai ya samu wani abu?

Muzammil: Bai ambaci excellent ɗin ba?

Wasila: Sai yanzu na ji ta ga bakinka. Da na sani da tuni Jega ta ɗauka. Kai, yau wace rana?

Muzammil: Laraba.

Wasila: Wednesday hwa?

Muzammil: Laraba mana, wannan ko ɗan aji ɗaya ya sani.

Wasila: Sha ɗaya saura kwata yanzu. Sha biyu sunka ce. Kana bayan rudu kana gadin shaho. Tashi.

Muzammil: Akwai ɗan abu guda.

Wasila: Mi kuma?

Muzammil: Na riga na ba su amsa.

Wasila: Ka ba su mi? Ban ji ba, iska na busawa.

Muzammil: Amsa. Jiya bayan la'asar. Na ga gara in roƙe su tun ba su turo mota ba. So nike in ce su yi haƙuri su kau da kai ga laihina. Na sa kau da kai cikin ƙamus, ya jero mani kalmomi. Akwai wata awa sarƙar wuya, nekles.

Wasila: Neglect. Wannan sakaci na da abin da ke wuyanka. Ka bar albasa ruwa shi doke ta, ko ka bar tsoho ba magani.

Muzammil: Ita dai ban yarda da ita ba. Na ɗauki wadda na saba gani.

Wasila: Mi ka rubuta?

Muzammil: Gajere na. Please sir, ignore me.

Wasila: Muzammil.

Muzammil: Na sa please. Na sa sir.

Wasila: Ka san mi ka ce musu? Ku share ni. Ku yi awa ba ni duniya. Mutane sun ce zo ga aiki, ka ce su manta da kai.

Muzammil: Ba haka nika nuhi ba. Roƙon yahiya na yi.

Wasila: In yahiya kaka so, nan ma overlook ɗin ta dai. Please overlook my mistake. Ita ta ma'ana ta biyu da ka tsallake. Ka ga laihi, ka ɗauke ido don rangwame.

Muzammil: Tsaya. Ɗazu kin ce obaluk ba da gangan ba na. Yanzu kin ce a gani a ɗauke ido. Wanne za ni kama? Ko dai kina gyara ma'anar yadda ta yi maki?

Wasila: Huska biyu gare ta, kuma duk biyun ba mugunta ciki. Ko ba a gani ba, ko an gani an yahe. Ignore ita ta mai ɗaure huska. Sun ba ka amsa?

Muzammil: Shiru.

Wasila: Ka ce su yi ignore, ga shi sun hwara.

Muzammil: Wasila, kada ki yi mani haka. Aikin ga wata-wata aka biya. Baba ya tsuhwa, kabu-kabu ya kashe mani baya. Shi ke nan na zubar?

Wasila: Ba ka zubar ba in ka tashi yanzu. Lambar da sunka turo na biyun, ita ta ta hwarkon?

Muzammil: Ita ta.

Wasila: Sun ce ka turo wani abu? Lambar banki, ko wata lambar sirri?

Muzammil: A'a.

Wasila: Tau ba 'yan damfara ba na, cire wannan ma daga ranka tun ba ka kawo ta ba. Kana da abin rubutu?

Muzammil: Akwai gawayi, ga bangon rudu.

Wasila: Rubuta. Please disregard my last message.

Muzammil: Kalmarsu za ni maida musu? Ba za su ce ina kwaikwayonsu don reni ba?

Wasila: Za su ce excellent. Rubuta. D, i, s.

Muzammil: B?

Wasila: D ta Dauda. D, i, s, r, e, g, a, r, d. Sannan, I am on my way.

Muzammil: Mi ya sa ba ignore my last message ba? Ta hi sauƙin rubutu.

Wasila: Ita ma daidai ta, saƙo aka ce a share, ba kai ba. Amma ka wahal da ita jiya, bar ta ta huta.

Muzammil: Matar ga ta cikin waya ta yi magana, wai saura minti guda. Kuma ga wani kira na shigowa, ina jin ƙit-ƙit. Gambo na.

Wasila: Na sha biyu ke nan. Kashe nawa, ka tura saƙon tun da sauran kati, ka ɗauki nashi. Shina da mashin, ta Jega za ku bi, kuna isa in ba ku tsaya gardama ba.

Muzammil: In na hau bayanshi ya wuce da ni wurin 'yan sanda hwa?

Wasila: Kan excellent? Kashe waya.

Muzammil: In na isa sunka ce in yi Turanci hwa?

Wasila: Ka ce good morning, ka nemi a kawo albasa. Kashe, katin na tahiya.

Muzammil: Tau ki rantse ba tarko ba na. Rantsuwa guda. Kuma takardar ga da kinka rubuta, akwai kwahi? Don ni sai na gani da idona mi kunka ce kaina, kalma bayan kalma, in sa ta cikin ƙamus.

Wasila: Na ji tambayarka sarai, ɗan Kawu. Ka lura da abin da za ni yi mata.

Muzammil: Mi za ki yi? Halo? Wasila? Ɗiyar Gwaggo? Halo. Sabis cike shike, sanda huɗu. Hmm. Wanga kam ba obaluk ba na.